Sifirin da Aka Sa wa Lajawa

Wudil, daren Talata, tsakiyar bazara

Yau na ci kasuwa ban kasa kaya ba. Injiniyan rijiyoyin burtsatse da nake wa jagora ya yanka taswirar ƙasarmu gida-gida kamar dara. Gidan da ya sa wa ɗaya, kwamfutar ofishinsu na Kaduna za ta lissafa ruwan ƙarƙashinsa. Mai sifiri kuwa tsallake shi za ta yi, wai dutse ne. Na leƙa, sai ga unguwarmu a Lajawa da sifiri. Ke nan kuɗin fetur da gwamnati ta ware wa aikin zai wuce mu, ba rijiya.

Ban yi musu ba, ɗan boko ba ya son gyara. Da rana ta take na ce mu ratsa Lajawa mu gaida Baba. Baƙo kuwa ruwa ake fara ba shi. Ya shanye kwano guda, ya ce, "Baba, daga ina kuke ɗebo wannan?"

"Tsohuwar rijiyar bayan danga, ɗana. Ko shekarar fari ba ta ƙafe ba."

Ya je ya auna igiyar gugan. A mota ya buɗe taswira yana laluben abin goge sifirin. Na miƙa masa kilina. Tun safe take aljihuna.