Kujerar Malam Muhammadu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Na sa an kwashe kujerun ofis. Taron safe a tsaye, minti goma sha biyar, tambaya uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tare ka. Ban da doguwar gaisuwa. Ranar 14 za mu nuna wa ƙungiyar dillalan Kara, wato kasuwar shanu, manhajar rajistar shanu. In makiyayi ɗari ba su shiga ba, sun fasa, kuma ni zan sha kunyar.

Malam Muhammadu Lawan, mai shiga Kara yana yi mana rajista, sa'an babana ne. Shi ma na sa shi tsayuwa.

Laraba, 7

Malam: "Alhamdu lillahi, ba matsala." Rajista tara kacal. Tara!

Alhamis, 8

Yau ma "ba matsala". Kai, wallahi na ƙule. Mairam, mai zana mana shafukan manhajar, ta ja ni gefe: "Hawwa'u, dattijo ne fa. Ba haka ake tambayarsa ba."

Juma'a, 9

Na riga kowa zuwa, na ɗauko masa kujera da kaina, na gaishe shi har da tambayar ƙafarsa mai ciwo. Sai da muka gama tsaf ya ce, "'Yata, makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, tsoron baki yake. Ke kuwa kin sa sai an cike gurbin 'shanu nawa' kafin a wuce. Da sun ji tambayar sai su juya."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun Litinin?"

"A gaban mutanenki zan ce shugaba ta yi kuskure?"

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe abin da ya tare shi ni ce. Safiyanu, mai rubuta mana manhajar, ya cire gurbin kafin a tafi masallaci.

Laraba, 14

Ɗari da talatin da shida. Dillalai sun karɓa. Alhamdu lillahi! A Keke Napep har unguwarmu Dogo Tebo ina dariya ni kaɗai, direba yana waiwayena.

Alhamis, 15

Taro ya ci minti goma sha tara. Yanzu ni ke fara faɗin abin da ya tare ni, kafin kowa. Kujerar tana nan, amma ai saboda ƙafarsa ce. Minti huɗun gaisuwar kuwa, ban duba agogo ba. Mairam ce ta gaya min.