Kwanon da Ka Ɗaura wa Jan Zare

Zuwa ga Yaya Sale, can Fatakwal wajen masu haƙar mai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan Roni. Ni ne ƙaninka Ilu mai tsire, wanda duk kasuwar Kazaure ba a yi wuƙa irin tasa ba. Rubutun na ajin yaƙi da jahilci ne, ka karanta a haka. Kuma sai na karanta wasiƙar nan a gindin tukuba kowa ya ji kafin ta tafi, don abin da ka yi min ma a gaban jama'a ka yi shi.

Yaya, ban mutu ba. Na san ba haka ka lissafa ba.

Ka tuna da kumburin nan ya fito min a ƙarƙashin kunne, kamar ƙwallon goruba? Inna ta ce hangum ne, ta kwaɓa gidan zanzaro ta shafa min. Bai saɓe ba. Wanzami ya kafa ƙaho, ya sha jinina a banza. Ba ciwo, ba zazzaɓi, sai girma yake a hankali kamar kabewa. Ni har wasa nake, ina cewa goron sallah na ɓoye a kumatu.

Kai ne ba ka yi dariya ba. Ranar nan bayan magariba an kawo akushi zaure, za mu sa hannu yadda muka saba tun Baba na da rai, sai ka turo min wani kwanon sha daban, an ɗaura masa jan zare a kunne. Ka ce ciwon daji ne, kuma ta yawu ake ɗauka. Wa ya gaya maka? A wace makarantar ka yi likitanci? A gaban baƙi fa, Yaya! Ni da na taɓa tsotse maka dafin kunama da bakin nan.

Kuma ka san garinmu. In ɗan'uwan mutum ya raba kwano da shi, wa zai ci tsiren hannunsa? Washegari na hura wuta, nama yana ta ƙamshi, mutane suna gaishe ni daga nesa kamar mai kuturta. Direbobin Babura da suke layi a kaina suka koma wajen Tanko, wanda tsirensa ko kare sai ya yi shawara. Kai kuwa ka hau mota ka tafi neman arzikin mai, ko sallamar hannu ba mu yi ba. Hannun ma ka ɓoye shi a aljihu, na gani.

To, bari ka ji. Malam Bulus na dispensa shi ya tura ni babban asibiti a Kano. Suka kwantar da ni, suka ciro abin ɗungurungum a cikin jakarsa, sumul kamar dafaffen ƙwai. Suka sa shi a kwalba aka aika Zariya. Ka ji, ƙarin kumatuna ya riga kowa a gidanmu shiga jami'a.

Can aka fere shi siriri, wai ya fi ɓawon albasa, aka rina shi da launi, aka leƙa ta madubin da yake mai da ƙwayar gero tulu. Na ce da sun kira ni, ni da nake shanya kilishi ana hango rana ta cikinsa. Da na koma, likita ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce tsiro ne a cikin tsokar da take yin yawu. Ya ce ƙwayoyinsa a jere suke da ladabi, ba su ƙetare jakarsu ba, shi kuwa daji saiwa yake yi ya watsu kamar ƙaiƙayi. Nawa ba ya kisa. Ba a ɗaukarsa, ko da ludayi ɗaya aka sha fura. Har ya ce irin nawa ba kasafai ake gani ba, sai da ya tara ɗalibansa suka zo kallona. Ko a ciwo ma ni ba na yin na kowa da kowa.

Amma duk wannan bai wanke ni a Roni ba. Likita yana Kano, ba a san fuskarsa ba. Kai aka sani. Bakinka ne ya ɗaura zaren nan, hannunka ne zai kwance shi. Wallahi in na tuna, wuƙa ma sai ta ƙi ci a hannuna.

Kwanon yana nan a rataye a zaure da zarensa. Inna kullum sai ta zuba tuwon mutum biyu a akushi. Ina cin ɓangarena, in bar naka. Ban taɓa ƙetare tsakiya ba.

Ba na son rediyo, ba na son agogo. Ka zo kawai da babbar sallah, mu fitar da akushin ƙofar gida inda kowa zai gani, ka sa hannu. Loma ɗaya ta ishe ni.

Abu ɗaya aikin ya bar min. In na fara tauna, kuncin nan sai ya dinga tsattsafo da ruwa. Likita ya ce jijiya ce ta ɓata hanya, gumi ne. Saboda haka in mun zauna ka ga ruwa yana gangaro min a fuska, kar ka ce komai. Gumi ne, likita ya faɗa.

Allah ya tsare ka da sharrin ruwan can da ƙarfen can. Allah ya dawo da kai Inna tana da rai. Allah ya huci zuciyata, don ni na kasa.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Ilu Sarkin Wuƙa, Roni.