Kada ka cire Uwata daga ajin nan

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Na ji ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da kanta, Allah Ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya lau, sai ciwon bayan nan da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na sunkuya ɗaukar kwali. Aikin sito dai yana nan yadda ka san shi. Mai kula da mu bai taɓa kiran sunana ba, yatsa yake kaɗa mini, amma ba zan yi masa ƙarya ba, ba ya zagi.

Saƙonka ya iso cewa za ka sauya wa Uwata makaranta, wai zango ya ƙare ba ta iya rubuta sunanta ba, sai sannu da na gode da don Allah. Ban ga laifinka ba. Kai ke kai ta, kai ke ɗauko ta, ni sai dai murya a waya. Amma bari ka ji abin da 'yar nan tawa ta yi mini.

Ka san na yi mata alkawarin zuwa, aka hana ni hutu. Da na kira, na ce mata ta yi haƙuri, irin haƙurin da muke jefa wa yara muna tafiya. Sai ta ce malamarsu ta ce ba haka ake yi ba. A ajinsu, in ka ture wani ko ka ƙwace masa fensir, ba bulala. Za ka je gabansa, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ka ba shi haƙuri, ka tsaya ka jira amsa. Ita malamar ma haka take yi musu in ta yi kuskure. Yaya, ina tsaye a bayan sito, da furfurata, na ce na yi alkawari ban cika ba. Ta ce ta ji, ta kuma gode da na faɗa, amma ba ta huce ba tukuna, in sake tambaya wani lokaci.

Wallahi da farko raina ya sosu. Daga baya na zauna kan kwali ina dariya ni kaɗai. Yarinyar da ba ta gama famfara ba ta faɗa wa ubanta gaskiya, ba tsiwa, ba kuka, ba ta kuma yi mini ƙaryar komai ya wuce ba. Na zauna da manya masu takardu a nan da ba su iya wannan ba. Baƙaƙe za su zo, kai ma ai sai da Baba ya fid da rai kafin ka iya su. Don Allah ka bar ta a hannun matar nan, ko da shekara guda. In ba a ga rubutu ba, sai mu sake shawara.

Ka gaishe da Inna, da Gwaggo, da maiɗakinka da ke ɗawainiya da abin da ba ta haifa ba. Ka isar wa malamar godiyata. Uwata kuwa, kada wanda ya matsa mata ta yafe mini. Ni zan tambaya da kaina.

Naka ƙane,
Baban Uwata