Ruwan Da Ban Sha Ba

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da gwiwar nan taka mai yawan ƙorafi.

Ka san an sa ni kan maganin kansar huhu, wanda ake ɗurawa ta jijiya. To, jiya likita ta dakatar da shi, domin ƙodata ta fara gazawa. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsari kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta ce maganin yana da ƙarfi, in babu ruwa mai yawa a jiki ƙoda yake ci. Idan gwajin ranar Alhamis bai yi kyau ba, ba za a mayar da ni kansa ba, kuma ciwon huhun ba jirana zai yi ba.

Laifina ne. Shekara talatin ina tuƙin babbar mota, ka kuwa san direba ba ya cika shan ruwa don kada ya yi ta tsayawa a hanya. Da wannan wayon banza na shigo asibiti. Ba na iya zuwa bayi sai 'yata Auta ta riƙe ni, ta ja ƙarfen ƙarin ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa. 'Yar da na yi wa wanka da hannuna! Kunya ta hana ni sakat. Saboda haka in ta fita, sai in miƙa gorar ruwan da aka ce in sha ga maƙwabcin gadona, wani tsohon malamin makaranta, in ta dawo in nuna mata na shanye. Shi ya tona mini asiri da ya ji bayanin likita, kuma ban ga laifinsa ba.

Na zaci Auta za ta yi faɗa. Zama ta yi tana kuka, ta ce gara ta riƙe ni sau ɗari a yini da ta zo ta tarar da gadon babu kowa. Wallahi ban taɓa jin na yi ƙanƙanta haka ba.

Ina jin tsoro, ƙanena, ka sa ni a addu'a. Zan dakata nan. Yau kofi bakwai na sha, yanzu kuma dole in kira ta.

Ka gaida kowa da kowa.

Yayanka,
Tsohon Direba