Wa Zai Fasa wa Baba Ƙaguwa?

Crown Point, Tobago
Alhamis, cikin watan Agusta

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Candice,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Dexter da ƙaramar Imani. Allah Ya sauƙaƙa miki tsayuwar aikin asibiti a can Toronto. Mu ma lafiya lau muke. Kaka tana Point Fortin, ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa coci da kanta. Sakamakon jarrabawata bai fito ba tukuna, ki taya ni addu'a. Na san za ki ce me ya kai ni rubutu alhali kullum muna waya. To, duk lokacin da kika kira Baba yana kusa, idan kuwa kika tambaya ko yana cin abinci, sai ya zuba mini ido, ni kuma in rasa ta cewa.

Yaya, tun da Mama ta rasu Baba bai ci wani abin kirki ba. Kafin mu taso na shiga shagonsa na tarar da shi a kan keken ɗinki yana rage ƙugun wandonsa, da ya gan ni sai ya ce ai na wani ne aka kawo. Likita ma ya ce idan ramar ta ci gaba sai an kwantar da shi. Shi ya sa na ji daɗi da kika matsa masa mu baro Trinidad mu zo hutun nan Tobago kamar yadda muka saba kowace shekara. Sai dai ban san abin da ke jirana ba. Kin tuna Mama ce ke zaɓar inda za mu ci, tana gaba da jakarta, mu uku muna biye. Yanzu da rana ta take sai Baba ya sa hularsa ya ce, "Shivonne, ke zaɓa." Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Da farko waya na duba, na zaɓi wani gidan abinci da kowa ke yabawa, mai fararen ƙyallaye a kan tebura. Aka kai mu tebur mai kujera huɗu, mai kawo abinci ta tambaya ko akwai masu zuwa, na ce babu. A gabanmu ta kwashe faranti biyu da kofuna biyu. Baba ya bi hannunta da kallo har ta ɓace. Da kifin ya zo ya yi ta juya shi da cokali, ya ce ya yi kyau ƙwarai, aka mayar da shi kusan yadda ya zo. Washegari na gwada wurin gasasshiyar kaza, inda ake kiɗa da hayaniya, ko zai ɗauke masa hankali. Ya ci cinya rabi ya tura mini sauran. Daga nan sai muka koma burodi da kifin gwangwani a baranda, kowa yana kallon teku don kada mu kalli juna. A masaukin nan kowane ɗaki iyali ne, ana ta kiran yara ana shanya tawul. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin kaɗaici haka a tsakiyar jama'a ba.

Sai na lura da wani abu. Duk sanda za mu bakin ruwa a Store Bay, Baba yakan zagaya ta wajen ajiye motoci, ba ya bi ta gaban rumfunan masu abinci. Nan ne kuwa rumfar Tanti Ermine take, mai ƙaguwa da miyar kori da madarar kwakwa, wadda Mama ba ta taɓa tsallake ta ta je wata rumfa ba tun kafin a haife ni. Na gane tsoro yake ji kada ta tambaye shi ina matarsa. Akwai kuma abu na biyu da na tuna ina wanke kofi: Yaya, kin taɓa ganin Baba ya fasa ƙaguwa da hannunsa? Mama ce ke fasa masa, ta tara naman a gefen farantinsa, ta ajiye babban ƙahon, wato hannun da ƙaguwa ke damƙa da shi, a gabanta ta ci shi a ƙarshe, tana cewa ladan mai fasawa ne.

Jiya da safe na ce masa zan sayo ruwa, na tafi rumfar ni kaɗai. Na daɗe a bayan wata bishiya ina maimaita abin da zan faɗa. Ban ko gama shiri ba ta hango ni, ta ɗaga ludayi ta ƙwala murya, "Kai, ga 'yan Trinidad sun tuna da mu! 'Yar nan, ina uwar taki mai cewa barkonona na jarirai ne? Ta zo, bana na tanadar mata wanda zai sa ta kira sunan kakarta!" Matan sauran rumfunan suka yi dariya. Ban san yadda maganar ta fito ba, na dai ce mata Mama ta rasu tun Oktoba. Ta rage wutar tukunya, ta zauna a kan bokiti, ta daɗe tana goge hannu da gefen zanenta alhali babu komai a hannun.

Da ta ɗago na faɗa mata halin da Baba ke ciki. Na roƙe ta abu biyu: kada ta yi masa zancen Mama, kuma ta cire masa naman tun daga ciki, a kawo masa ba ɓawo. Na farkon ta yarda, na biyun ta ƙi fur. Ta ce ita ba ta sayar da ƙaguwa tsirara, a nan wanda ya zauna da kai shi ke fasa maka, idan aka cire wa namiji babba nama a kicin ai an gaya masa ba shi da kowa ke nan. Ta ce, "Yana da ke ko ba shi da ke?" Na ce ban iya ba. Ta ce uwata ma ba da iyawa aka haife ta ba, ta miƙo mini wani ƙaton cokali na fasa ɓawo ta ce in tafi da shi.

Da rana Baba ya ce in zaɓa, na ce na zaɓa, na shige gaba ban waiwaya ba. Na ji takunsa ya tsaya da muka doshi rumfunan, amma na ci gaba da tafiya, can sai na ji ya biyo. Tanti Ermine ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Maigida tela, ashe haka ka koma? Ai yanzu sai a zura ka a allurarka a yi ɗinki da kai. Zauna kafin iskar teku ta kai ka Grenada." Ta riƙe damtsensa kaɗan, sannan muka zauna.

Aka kawo kwano yana tururi, da damplin ɗinta, wato dafaffen kwaɓin fulawa, masu faɗi kamar harshen saniya. Baba ya ajiye hannuwansa a cinya yana kallon abincin. Na ciro cokalin daga jaka, na ɗauki ƙafa ɗaya, na rufe ido na buga. Yaya, ɓawon ya yi tsalle ya faɗa teburin wasu Turawa, miya kuma ta wanke gaban farar rigar Baba, wadda ya ɗinka da kansa. Tanti Ermine ta leƙo ta ce a kira 'yan sanda, yarinya za ta kashe ƙaguwar da ta riga ta mutu. Baba ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce Mamanmu ba ta taɓa ɓata masa riga ba. Na ji hawaye ya taho mini. Sai ya ɗauki ɗan naman da na samu, duk da guntayen ɓawo a ciki, ya sa a baki, ya ce, "To, fasa wata mana."

Na yi ta fasawa yana ci, har da damplin, har ya sa aka ƙaro miya. Yatsuna duk sun yanke, shi ya sa rubutun nan ya karkace. Da kwanon ya kusa ƙarewa, saura babban ƙahon nan, sai ya sa yatsa ya turo shi gabana, ya juya yana kallon teku. Ba na son cin sa, Yaya, don na Mama ne. Amma na ci, ina kallon kujeru biyu na teburinmu da babu kowa a kansu, taki da tata. Tanti Ermine ba ta ɗauke su ba.

Ba zan ce miki ya warke ba. Yau da safe shayi kawai ya sha. Sai dai yanzun nan ya sa hularsa, bai ce in zaɓa ba. Cewa ya yi in ɗauko cokalina, shi kuma ya sa tsohuwar riga.

Ki gaishe mini da Yaya Dexter, ki sumbaci Imani, ki gaida Tanti Merle idan kin je Brampton. Tanti Ermine ta ce a gaya miki baɗi ki zo da mijin naki ta ga ko shi ya iya fasawa. Ni ma ki zo, don Allah. Teburin ya yi mana girma.

Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Shivonne