Jika Ɗaya, Coci Uku

Gwaggo Elspeth, ki cece ni, bakina ya ja mini.

Ni ɗan cocin Firesbiteriyan ne, haifaffen garin Paisley. Matata Bernadette 'yar Katolika ce, amma ba mu taɓa faɗa kan addini ba, don ni ba na leƙa coci sai an yi aure ko mutuwa. 'Yarmu Kirsty ta auri Giles, ɗan Ingila, ɗan cocin Angilikan, sun haifa mana jika mace. Ranar Lahadi muna cin gasasshen nama aka taso da zancen baftisma. Bernadette na son Fadan Katolika ya yi, Giles na son cocin ƙauyensu. Ni da ba wanda ya tambaya, sai na buga tebur har romo ya fantsama, na ce ba inda za a kai jinina sai cocin ubana. Bernadette ta ce, "Baban Kirsty, ko sunan faston naku ka sani?"

Na zari kwat na nufi cocin don in ba ta kunya. Gwaggo, ashe tuntuni an sayar da ginin, ya zama gidan cin abinci! Inda ake wa'azi, nan injin kofi yake. Ma'aikaciya ta tambaye ni ko ni kaɗai ne, kunya ta sa na zauna na sha shayi. Da na koma gida na ce fasto ya yi tafiya. Yanzu an ɗage baftisma, Kirsty ba ta ɗaga wayata, shi kuma Giles, bawan Allah, kullum cikin ladabi yake tambaya yaushe fasto zai dawo.

Mai Baki, Paisley

Mai Baki, na yi dariya, amma na tausaya maka. Ina jin ba ɗariƙa kake karewa ba, mahaifinka kake kewa, kana tsoron kada jikar ta tashi ba ta ɗauko komai daga gidanku ba. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai yarinyar ta Kirsty da Giles ce, su ke da zaɓi. Ka kwantar da hankalinka, duka cocin ukun da ruwa suke yin baftisma, da sunan Allah ɗaya.

Ka fara gaya wa matarka gaskiya, ko da yake ina zargin ta riga ka sani. Ka bar ta ta yi dariyarta ta ƙoshi. Sannan ka taka ƙafa har gidan Kirsty, ba waya ba, ka ba su haƙuri, ka roƙi a bar ka ka yi karatun Littafi Mai Tsarki ranar, ko a wane coci ne. Allah ya raya jika, ya sa ka riƙe ta a hannunka ranar nan.

Gwaggo Elspeth