Idon Baba a Fuskar Yuleidis

Cali, Satumba 1998

Yaya Wilmer,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen jirginku. Mama ta ce ka daina kwana da jiƙaƙƙiyar riga.

An tsayar da bikin cikata shekara goma sha biyar, Asabar ta biyu a Disamba. Tunda Baba ba ya nan, kai za ka durƙusa gaban mutane ka cire mini takalmin yarinta ka sa mini mai tsini, kuma da kai zan yi rawar farko. Kada ka ce mini jirgi.

Sai magana ta biyu. Mama ta tambaye ni kyautar da nake so. A ajinmu wata gyaran hanci ta roƙa, wata tafiya tsibirin San Andrés. Ni na ce idona. A ɗage mini fatar idon hagun nan ta daidaita da ta dama. Na gaji da liƙa salatif kowace safiya, zufa ta ɓare shi kafin a fita tara. Na gaji da ana tambayata ko barci nake ji.

Na san halinka, shi ya sa na faɗa maka da kaina.

Ƙanwarka,
Yuleidis

*

Buenaventura, Oktoba

Yule,

Na gaishe ki, ki ce Mama ta sa mini albarka. Yanzu zauna ki saurare ni.

Wane ɗan banzan ne ya ce miki idonki na da laifi? Ba ni sunansa. Ni dai a aji huɗu na bar makaranta, amma babu jaridar da aka naɗe kifi da ita a tashar nan da ban karanta ba, kuma na san abin da ake yi a Cali ɗinku. Gari guda an mai da shi mahauta. Wannan a rage mata, waccan a ƙara mata, ka shiga bas ka ga mata biyar da hanci ɗaya kamar a shago ɗaya suka saya. Shi ne ke ma za ki bi layi?

Idon Baba ne, Yule. Kina 'yar shekara huɗu teku ta tafi da shi, ba za ki tuna ba. Ni na tuna. In ya tsaya bakin ruwa da asuba, haka na hagun yake sauka rabi, kamar yana auna teku ne ya ga ko ƙarya take masa. Kabari ba mu da shi. Ni hancin Mama na ɗauko da bakin da ba ya rufuwa, ban gaji komai nasa ba. In na dawo gida na ga kin ɗago kai daga kwano kin kalle ni, shi nake gani. Shi ne za ki miƙa wa wani mai farar riga ya yanke ya jefa a kwando?

To ki ji. In aka taɓa idon nan, ki nemi wani ya sa miki takalmi. Ga Don Plinio mai burodi nan, ya tattake miki ƙafa ki ji daɗi.

Ki ci abinci, an ce kin rame.

Yayanki,
Wilmer

*

Cali, Nuwamba

Zuwa ga ɗana Wilmer,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a kan ruwa.

Wasiƙarka ta iso. Ƙanwarka ta karanta ta a tsaye, ta ninke, ta je ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Wata takwas kake yi ba ka gida, don haka zan gaya maka abin da ba ka gani. Yarinyar nan sai ta ɗaga haɓa sama take ganin allo. Malamarta ta kira ni a kan wai tana da girman kai. Kullum da yamma ni nake shafa mata man zafi a ƙeya. Mahaifinka ma haka ya yi fama, Allah ya ji ƙansa, sai dai shi bai taɓa faɗa wa yaro ba.

Yanzu ta ce ba za ta ga likita ba, tunda aikin likita ba ya warwaruwa. Ta je ta shirya da doña Nubia, mai shagon gyaran gashin da ke cikin gareji a bayan coci, za ta yi mata allura ran Asabar ta sama. Wai allurar za ta ɗage fatar na wata huɗu kafin ta sake ta, ita ta fito daidai a hoton biki, daga baya idon babanku ya dawo maka. Ta ce ta haka kowa ya samu nasa. Na hana, ba ta saurare ni ba. Maganarka kaɗai take ji, ka kuwa riga ka yi ta.

Na bar ka lafiya cikin kiyayewar Ubangiji.

Mahaifiyarka,
Ceferina Angulo

*

Buenaventura, Laraba

Yule,

Gaisuwa a gurguje, direban bas yana jirana.

Kada ki kuskura ki taka garejin nan. Nubia da ta ƙona wa Mama gashi bara ita ce za ta kusanci idonki da allura? Kin san abin da ke cikin kwalbarta? Ita ma ba ta sani ba.

Jiya ban je gyaran komar kamun kifi ba, na wuni a ɗakin karatu na gari da wani ƙaton littafin ma'aikatan jinya. Matar da ke tsaron wurin ta yi ta kallon takalmin robana, na ce mata kifi nake wari, ba jahilci ba. Ga abin da na fahimta. Allurar nan sassauta tsoka take yi, in aka kuskure wuri sai fatar ta ƙara rufowa. Salatif da kwalli yaudarar madubi ne, ba sa hana wuya ciwo. Aikin yanke fatar da ta yi yawa kuma na tsofaffi ne, naki ba yawan fata ba ne. Akwai wata 'yar tsoka mai ɗaga murfin ido, ina jin taki ce aka haife ki da ita ba ƙarfi, ita ake gajartawa. Kuma likitan ido ne ke yi, ba masu hotonsu a allon talla ba. Shi za ki gani, ki tambaye shi ko idon zai riƙa rufuwa sosai in kina barci, don littafin ya ce wani lokacin ba ya yi. In ya amsa miki a wulaƙance, ki tashi ki fito.

Me ya sa ba ki gaya mini zancen wuyan ba? Kin bar ni ina ta zuba kamar rediyo. Ni ina son in ga Baba sau biyu a shekara, ke kina ɗauke da shi kullum har ƙeyarki na ciwo. Ba ke aka ba ajiyarsa ba. Fuskarki ce.

Har yanzu raina bai so ba, kada ki ɗauka na zama waliyyi. Amma ki je.

Wilmer

*

Cali, ƙarshen Nuwamba

Yaya mai baki,

Ina gaishe ka da kyau. Ban je wurin Nubia ba, ta daina amsa gaisuwarmu.

Mun ga likitar ido, mace ce, gashinta duk furfura. Ta auna da 'yar rula, ta faɗi abin da ka faɗa, kusan kalma da kalma. Da na yi mata tambayarka ta barci, sai ta cire tabarau ta ce wa ya aiko ni. Na ce yayana, mai kamun jatan lande. Ta ce tambaya ce mai kyau, kuma za ta ɗaga shi kaɗan ne, ba zai zama daidai da na dama cif ba. Na ce na yarda.

Amma sai Janairu, don kumburin ba zai saɓe kafin biki ba. Ke nan da idon nan zan yi rawa. Salatif ma ba zan liƙa ba. Kada kanka ya kumbura, ba don kai ba ne, tsoro nake ya faɗo cikin kek.

Ka ce in aka taɓa ba za ka zo ba. To za a taɓa, sai dai ba a taɓa ba tukuna. Don Plinio ya fara goge takalminsa. Zuwa za ka yi ko in ce masa to?

Taka,
Yule

*

A kan ruwa, Disamba

Yule,

Na gaishe ki, a sa mini albarka wurin Mama.

Ki ce wa Don Plinio ya koma kan burodinsa. Sati guda ke nan ina koyon rawar da Aristides kuku a bayan jirgi, shi ne ke. Ya fi buhun shinkafa biyu nauyi, kuma ya ce in na sake taka shi zai tofa mini a miya.

Ki aiko da lambar ƙafarki, ni zan sayo takalmin.

Na gaya wa kyaftin ba na nan har Janairu ya wuce. Ni zan zauna a bakin ƙofar ɗakin aikin. Ki sanar da likitar tun yanzu, ina da sauran tambayoyi.

Yayanki,
Wilmer